ƘIDAYAR BAƘI: DAGA LITTAFIN MAI OTEL ZUWA WAYAR SALULA

Cikin watan Janairu na shekara ta 2025, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawon buɗe ido, wadda mazauninta ke birnin Madrid na ƙasar Sipaniya, ta bayyana lissafinta na shekarar da ta gabata. Ta ce cikin 2024 an samu zuwan baƙi daga wata ƙasa zuwa wata har wajen miliyar 1 da miliyan 400. Wannan adadi ya kusan kamo na shekara ta 2019, kafin annobar korona ta zo cikin 2020 ta rage tafiye-tafiye da fiye da kashi 70 cikin 100.

Mai karatu yana iya tambaya: wa ya ƙidaya wannan jama'a? Hukumar Madrid ba ta da ma'aikaci ko ɗaya tsaye bakin iyaka. Abin da kowace ƙasa ta aiko mata, shi take tarawa. Ke nan ingancin wancan babban adadi yana rataye ga ɗan sandan da ke buga hatimi bisa fasfo, da kuma magatakardan otel da ke cika littafin baƙi. Idan aikinsu ya gyaru, lissafin duniya ya gyaru. Idan ya ɓaci, minista da mai jari duka za su yi shawara cikin duhu.

Shi ya sa cikin shekarun nan masu bincike a jami'o'i da ma'aikatun ƙididdiga suka duƙufa wajen neman sabbin hanyoyin ƙidayar baƙi. Abin da suka gano ya shafi ƙasar Nijar ƙwarai, kamar yadda za a gani.

WANE NE BAƘO?

Tun kafin a ƙidaya abu, sai an san ko mene ne shi. Da yawa idan an ce yawon buɗe ido, hankalinsu yana zuwa ga Bature mai ɗauke da na'urar ɗaukar hoto, cikin mota mai hawan rairayi, ya nufi Tenere. To amma ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita cikin 2008 ta fi haka faɗi. Bisa wannan ƙa'ida, baƙo shi ne duk wanda ya bar wurin da ya saba zirga-zirga, ya tafi wani wuri na tsawon lokacin da bai kai shekara ɗaya ba, muddin ba aikin albashi ya je kamawa can ba. Idan ya kwana, ana lissafa shi cikin masu yawon buɗe ido. Idan ya koma ranar, ana lissafa shi cikin baƙin wuni.

Ke nan wadda ta taso daga Katsina ta zo biki Maraɗi ta kwana uku tana ciki. Wanda ya bar Tawa ya je Yamai neman magani yana ciki. Ma'aikacin da aka aika taron ƙara wa juna sani a Damagaram yana ciki, haka ma almajirin da ya je ziyarar malaminsa. Amma wanda ke ƙetara iyaka kowace ranar kasuwa ba ya ciki, domin hanyar ta zama wurin da ya saba. Haka nan makiyayi mai bin ruwa da ciyawa, da ɗan gudun hijira, da ɗan ci-rani mai neman aiki, duka ba a sa su.

Tsoffin hanyoyin ƙidaya uku ne. Ta farko ita ce lissafin ƴan sanda a filin jirgin sama da bakin iyaka. Ta biyu ita ce takardar da baƙo ke cikawa idan ya kama ɗaki a otel. Ta uku ita ce tambayar matafiya baki da baki: daga ina, kwana nawa, nawa aka kashe. Kowace tana da ramin da baƙi ke zurarewa. Ɗan sanda ba ya ganin wanda ya bi hanyar daji. Mai otel ba ya ganin wanda ya sauka gidan dangi. Tambaya kuwa tana da tsada, ba a iya yin ta kullum.

YADDA ESTONIYA TA RASA IYAKA TA SAMU DABARA

Estoniya ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, mutanenta ba su wuce miliyan 1 da dubu 400 ba. Ran 21 ga watan Disamba na 2007 ta shiga yarjejeniyar Shengen, wadda ta ɗauke binciken fasfo tsakanin ƙasashen Turai da yawa. Daga ranar, mai zuwa daga Latbiya da mota, ko daga Finlan da jirgin ruwa, sai ya wuce ba mai tsai da shi. Jama'a sun yi murna, amma babban bankin ƙasar ya shiga matsala. Domin bankin ne ke lissafin kuɗin da ke shiga ƙasa da wanda ke fita, kuma kuɗin da baƙi ke kashewa babban kashi ne na wannan lissafi. Littafin otel bai isa ba, tun da yake tsakanin Helsinki da Talin tafiyar kilomita 80 ce kawai bisa ruwa, mutane da yawa suna zuwa da safe su koma da yamma.

Maganin ya fito daga jami'ar garin Tartu. Can wani malamin ilimin labarin ƙasa, Rein Ahas, wanda ya rasu cikin 2018, shi da abokan aikinsa sun daɗe suna nazarin sawun da wayar salula ke bari. Cikin 2008 suka buga sakamakon bincikensu game da baƙin Estoniya. Babban banki ya karɓi dabarar, tare da wani kamfani na Tartu mai suna Positium, kuma alƙaluman tafiye-tafiye da yake fitarwa ta wannan hanya sun soma daga shekara ta 2008. Cikin 2014 ma'aikatar ƙididdiga ta Tarayyar Turai ta fitar da nata nazari kan ko sauran ƙasashe za su iya bin wannan hanya.

Ga yadda abin yake aiki. Duk lokacin da mutum ya yi kira, ko ya aika saƙo, ko ya shiga intanet, kamfanin waya yana rubuta abu uku domin lissafin kuɗinsa: wane layi ne, ƙarfe nawa, kuma wace eriya ce ta ɗauki kiran. Kowane layi yana ɗauke da shaidar ƙasarsa, kamar yadda lambar Nijar ke somawa da 227, ta Najeriya da 234. Idan layin wata ƙasa ya hau rezon gida, kamfani ya san baƙo ya shigo. Idan an gan shi yau kusa da tashar jirgin ruwa, gobe a wani gari, jibi ya ɓace, an san kwana biyu ya yi, an san kuma inda ya bi. Kafin a miƙa wa masu bincike waɗannan bayanai, ana cire lambar waya a sa wata alama madadinta, sa'an nan kwamfuta ta tara su jimla-jimla. Abin da ke fitowa ƙarshe shi ne, misali, yawan baƙin ƙasa kaza da suka kwana a jiha kaza cikin wata kaza.

DARASIN INDUNUSIYA

Wani zai ce wannan aikin ƙasashe masu arziki ne. To ga Indunusiya, ƙasar Musulmi mafi yawan jama'a, mai tsibirai fiye da dubu 17. Tana da iyakar tudu da Malesiya, da Timo ta Gabas, da Papuwa Sabuwar Gini. A wurare da yawa na waɗannan iyakoki babu ofishin shige da fice, mutanen ɓangarorin biyu kuwa dangin juna ne, harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Daga watan Oktoba na 2016 ma'aikatar ƙididdigar ƙasar ta soma amfani da bayanan waya domin ƙidayar baƙin da ke shigowa ta waɗannan wurare. Cikin 2018 kuma aka yi amfani da dabarar wajen auna jama'ar da wasannin nahiyar Asiya suka jawo biranen Jakarta da Palembang.

Abin lura a nan shi ne, ƴan Indunusiya ba su yarda da na'ura ido rufe ba. Sun aika ma'aikata bakin iyaka suna tambayar matafiya: waya nawa ke hannunka, layin wace ƙasa ne, ina kake zaune, me ya kawo ka? Da amsoshin nan ake gyara adadin da kwamfuta ta bayar. Dalili kuwa a fili yake. Waya tana ƙidayar layi ne, ba mutum ba. Wani yana da layi biyu, wata tsohuwa da jikokinta ba su da ko ɗaya. Wani ɗan ƙasa ne amma yana riƙe da layin maƙwabta domin ya fi arha. Wani baƙo ne amma da shigowarsa ya sayi layin gida, ya ɓace cikin ƴan gari. Akwai kuma ƙauyen da ke daf da iyaka, inda waya ke kama eriyar ƙetare alhali mai ita yana zaune cikin zaurensa. Bayan wannan duka, waya ba ta faɗin dalilin tafiya, ba ta faɗin kuɗin da aka kashe. Waɗannan sai an tambayi mutum.

Ke nan sabuwar hanya ba ta kashe tsohuwa ba. Waya tana ba da yawa da sauri, tambaya tana ba da ma'ana. Sai an gama su lissafi ke tsayawa.

LISSAFIN MAI OTEL

Ba gwamnati kaɗai ke bukatar alƙaluma ba. Ɗakin otel haja ce da ba ta ajiyuwa. Buhun hatsi idan bai sayu yau ba, gobe yana nan. Ɗakin da ya kwana babu kowa, kuɗin wannan dare ya tafi har abada. Don haka masana harkar otel suka tsai da ma'auni uku. Na farko, kashi nawa cikin 100 na ɗakuna aka kama. Na biyu, matsakaicin kuɗin da aka biya ga ɗakin da aka kama. Na uku, wanda ya fi su muhimmanci, abin da kowane ɗaki ya kawo idan an raba kuɗin da ya shigo bisa dukan ɗakuna, da mai baƙo da marar baƙo.

A ɗauki misali. Otel biyu, kowane da ɗaki 40, wato kwanan ɗaki 1.200 cikin wata mai kwana 30. Na farko yana karɓar jika 20 ga dare, rabin ɗakunansa ke cika: kwana 600, kuɗi miliyan 12 na sefa. Na biyu yana karɓar jika 15, kashi 70 cikin 100 ke cika: kwana 840, kuɗi miliyan 12 da jika 600. Mai kallo daga waje zai ce na biyu ya yi wa na farko nisa, tun da kullum ƙofarsa cike take. Amma bisa ma'auni na uku, ɗakin na farko ya kawo jika 10 kowane dare, na biyu jika 10 da rabi. Idan an cire kuɗin wanki, da ruwa, da wutar na'urar sanyaya ɗaki na ƙarin kwana 240, mai yiwuwa na farko ne ya fi riba. Hausawa sun ce ido ba mudu ba, amma ya san kima. A wannan sana'a kimar ido tana ruɗi, sai an kawo mudun.

Wanda ya riƙe irin wannan lissafi shekara biyu ko uku zai san watan da ya kamata ya rage kuɗi, da makon da ya kamata ya ƙara, da lokacin da ya dace a rufe wasu ɗakuna a yi masu gyara. Manyan kamfanonin otel sun koyi wannan daga kamfanonin jiragen sama na Amurka, waɗanda tun cikin shekarun 1980 suke canza kuɗin kujera bisa yawan masu nema. Yanzu an ƙara da wani ma'auni, wato makin da baƙi ke ba otel a intanet bayan sun tashi. Wani bincike da Chris Anderson na jami'ar Cornell ta Amurka ya fitar cikin 2012 ya nuna cewa otel ɗin da makinsa ya ƙaru da ɗaya cikin biyar yana iya ƙara kuɗin ɗaki da wajen kashi 11 cikin 100 ba tare da ya rasa baƙi ba. Ke nan tsabtar makewayi da fara'ar mai tarbar baƙi abubuwa ne da ake iya aunawa da kuɗi.

INA NIJAR TA TSAYA?

Nijar tana da abin nunawa. Hukumar UNESCO ta sa Ayar da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991, gandun dajin W a 1996, tsohon birnin Agadas a 2013. Ga raƙuman dawa na Kure, ga taron makiyaya na Ingal kowace ƙarshen damina, ga fadar Sarkin Damagaram. Cikin shekarun 1980 Agadas ta ci moriyar Turawa masu ƙetara hamada. Amma wannan kasuwa mai saurin firgita ce. Tawayen shekarun 1990 da na 2007, da sace ma'aikata a Arlit cikin 2010, da harin Kure na ran 9 ga Agusta 2020 inda aka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, kowane ya kore ta.

An kuma gwada wata hanya, ta karɓar manyan taruka. Domin taron ƙoli na Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019 aka sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, aka gina manyan otel a Yamai irin su Radisson Blu, da Noom, da Bravia. Ba a cika shekara ba korona ta rufe sararin sama. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 kuma takunkumin CEDEAO ya rufe iyakoki, har zuwa farkon 2024 da aka ɗage shi. Jari mai yawa yana kwance cikin waɗannan gine-gine, da ma ƙananan masaukai na Maraɗi, da Konni, da Tawa, da Damagaram. Bayan kowane ɗaki akwai mai shara, da mai dafuwa, da mai gadi, da mahauci, da mai taksi, da maƙerin azurfa mai jiran mai saye.

Baƙon da ba ya yankewa duk da waɗannan masifu shi ne na gida da na maƙwabta. Shi ne kuma wanda tsoffin hanyoyin ƙidaya suka fi kasa gani. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1.500. Akwai mashigai sanannu, kamar Ɗan Isa da Jibiya, Konni da Illela, Gaya da Kamba, amma tsakaninsu hanyoyi ba su ƙidayuwa. Mai zuwa suna ko ta'aziyya gidan dangi yake sauka. Falke tun zamanin ayari yana da fatomansa a zango, mai ba shi ɗaki da abinci, mai haɗa shi da masu saye. Babu ɗaya daga cikinsu da ke cika takardar otel, amma duka suna cin abinci, suna shiga mota, suna sayen tsaraba. Wannan yanayi ya yi kama da na iyakokin Indunusiya sosai.

Kokowar gargajiya ma misali ce. Tun da aka soma gasar takobi a Tawa cikin 1975, tana zagaya manyan garuruwan jihohi, kowace jiha cikin takwas tana kawo ƴan kokowa goma. Garin da ya karɓi gasar yana cika maƙil. Magajin garin da zai karɓe ta gaba yana bukatar sanin mutum nawa suka zo wadda ta wuce, daga ina, kwana nawa suka yi, ina suka kwana. Da wannan sani ne zai tanadi ruwa, da makewayi, da wurin ajiye motoci daidai bukata. Da shi ne kuma mai jari zai san ko garin yana bukatar babban otel mai hawa biyar, ko kuwa ƙananan masaukai masu tsabta da talaka ke iya biya.

BAYANIN BAƘO AMANA NE

Akwai hatsari da bai kamata a ɓoye ba. Bayanin da ke nuna inda jama'a suka taru yana iya nuna inda mutum ɗaya ya kwana. A Nijar ana rajistar layin waya da takardar shaidar mai shi, don haka idan ba a cire lamba ba, suna yana biye da ita. Littafin otel ma haka yake. Cikin Nuwamba 2018 kamfanin Marriott ya sanar cewa ɓarayin intanet sun shiga ma'ajiyar bayanan baƙinsa tun 2014. Hukumar Ingila mai kula da wannan fanni ta ce abin ya shafi rajistar baƙi wajen miliyan 339, ta kuma ci kamfanin tarar fam miliyan 18,4 cikin 2020. Idan haka ta faru ga mai ƙarfi, ƙaramin otel sai ya yi hattara.

Nijar ta kafa dokar kare bayanan sirri na jama'a tun 2017, da hukumar ƙoli mai sa ido kan aiki da ita. Duk wani shiri na ƙidayar baƙi da waya, ƙarƙashin wannan doka ya kamata ya tsaya. Bayanai su zauna hannun kamfanin waya, jimla kawai ta fito. Kada a buga adadin da ya yi ƙanƙanta har a iya gane mutum. Kuma a raba aikin ƙididdiga da aikin bincike na ƴan sanda, domin ranar da matafiyi ya zaci ana bin sawunsa, zai kashe wayarsa, ya ba mai tambaya amsar ƙarya, lissafi ya lalace.

ABIN DA AKE IYA SOMAWA

Ba sai an jira manyan na'urori ba. Mataki na farko yana hannun masu otel da masaukai: kowane wata su tara kwanan ɗaki da ƙasar da baƙi suka fito, su miƙa wa ma'aikatar jiha mai kula da yawon buɗe ido. Na biyu yana hannun gwamnati: abin da aka tara a mayar wa masu shi cikin lokaci, gari-gari, domin wanda ya ga amfanin lissafi shi ke ba da na gaskiya. Dole kuma a tabbatar masu cewa takardar ƙididdiga ba ta haraji ba ce, in ba haka ba kowa zai rage adadinsa. Na uku, Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 2004, tare da ɗaliban jami'o'in Yamai, da Maraɗi, da Tawa, da Damagaram, su riƙa tambayar matafiya a tashoshin mota da mashigan iyaka, rani da damina. Na huɗu, idan waɗannan sun kafu, a zauna da kamfanonin waya da hukumar da ke kula da su, a gwada dabarar a wuri ɗaya, kamar gasar takobi ko taron Ingal, a kwatanta abin da waya ta ce da abin da masu tambaya suka gani.

An ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya ɗaga sai ya tafi. Amma raɓar da ke sauka kowace safiya tana raya shuka. Estoniya da Indunusiya sun nuna cewa ana iya auna ta ko da babu shinge bakin iyaka. Magabata da masu jari na Nijar suna da ɗakunan da ke jiran baƙi, suna da baƙin da ba a ƙidaya ba. Aikin da ke gabansu shi ne su san yawan waɗannan baƙi da bukatunsu kafin a sake aza tubalin wani sabon otel.